Telan da Ya Shiga Makaranta Biyu

Da hantsi Sharu Kalilu ya faka babur a ƙofar shagon Saminu tela, ya shigo da babbar riga saɓe a kafaɗa. Sallamar ma a gajarce ya yi ta.

"Malam Saminu, me na yi maka?"

Saminu ya ɗago kai daga kan keke, ya cire allurar da ke bakinsa. "Lafiya, Sharu?"

"Ina fa lafiya! Jiya na je ɗaurin aure Sandamu. Na sha wanka, na sa rigar nan da ka ɗinka mini, na samu wuri a gaba na zauna. Ina ɗaga kai sai ga waliyyin ango da aikin wuya irin nawa. Na ce to, ba komai, babban mutum ne. Ina waiwayawa sai ga direban da ya kawo goro, shi ma irinsa. Ban gama haɗiye wannan ba sai maroƙi ya miƙe zai yi shela. Malam Saminu, maroƙi! Har launin zaren iri ɗaya. Wani ya matso kusa da ni yana tambaya wai ko anko muka yi."

Dariya ta taso wa Saminu, ya danne ta da tari. Ya ba Sharu haƙuri, ya aika aka sayo masa kunun aya mai sanyi, ya lallaba shi har ya huce ya tafi. Amma bayan fitarsa sai ya zauna ya zuba wa injin da ke kusurwar shagon ido.

Injin surfani ne na kwamfuta. Shanun da ya turke ya sayar ya je Kano ya sayo shi, kuma ranar da aka sauke shi daga mota har mutanen layin suka taru suna kallo. Aikinsa babu laifi. Abin da hannu zai yi mako yana yi, shi kafin a sha shayi ya gama. Matsalar ɗaya ce: inji ba ya ƙirƙira, abin da aka zuba masa shi yake ɗinkawa. Zane-zanen da ya zo da su a cikinsa su ne a injin kowa, daga Daura har Katsina. In kana son sabo sai ka roƙi wani mutum a Kano ya zana ya turo maka ta waya, shi kuwa sai ya ga dama, kuma abin da ya turo maka yau gobe ya tura wa maƙwabcinka. Ga Saminu da zane cike da kai, tun yana yaro yake zana wuyan riga da alli a bayan shadda, amma ba shi da hanyar da zai gaya wa injin.

Da yamma suna cin tuwo a tsakar gida ya ce wa matarsa, "Larai, makarantar kwamfuta zan shiga."

Ta ajiye ludayi. "Kai? Da furfurar nan?"

"Furfura ba ta hana ganin allo. Zane nake son koyo. Zan ɗan zagaya tukuna in duba inda suka iya."

"Wane zagaye kuma, ga ta Yaya?"

Abin da Saminu yake gudu ke nan. Alhaji Nu'uman, yayan Larai, ɗan kasuwa ne, hatsi yake saye yana kaiwa kudu, sannan ya gina bene a hanyar Kano ya buɗe makarantar kwamfuta a sama. Shi ya riƙe Larai bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya ba Saminu aurenta. Har yau Saminu ba ya iya cin abinci a gabansa. Ya buɗe baki zai ce mata ta dakata, amma kafin ya wanke hannu har ta shige ɗaki da waya a kunne.

Washegari Alhaji ya kira shi da kansa.

"Saminu, ashe da wannan niyya ka yi shiru? Gidanka ne. Ka zo ka fara, kuma kada in ji ka yi maganar biyan komai."

"Allah Ya ƙara girma, Alhaji. Na gode, na gode."

Ya kashe wayar yana murmushin da bai kai zuci ba. Zaɓin da ya yi niyyar yi an riga an yi masa.

A gaskiya wurin ya burge shi. Tayil a ƙasa, fankoki a sama, kwamfutoci jere reras, kowace da kujerarta. A bakin titi ga ƙaton allo an rubuta abubuwan da ake koyarwa, kuma a cikinsu har da zane. Malamin wani matashi ne mai suna Sagir, mai fara'a, mai haƙuri. Ɗaliban kuwa yawancinsu yara ne da suka gama sakandare suna shirin jarrabawar shiga jami'a. Tun ranar farko suka sa wa Saminu suna Baban Aji, suka bar masa kujerar da ke ƙarƙashin fanka.

Farkon abin ya sha wuya. Yatsun da suka saba da almakashi suka ƙi kwanciya a kan kibod. In ya danna harafi ɗaya sai ya fito a jere kamar ayarin tururuwa. Ɗan abin nan da ake ja da hannu, wanda Sagir ya ce sunansa maus, wai ɓera ke nan, sai ya riƙa kuɓuce masa. Ya kai kibiyar da ke fuskar kwamfutar inda yake so, yana dannawa ta zame. Yaran su ƙunshe dariya, shi kuma ya ce musu, "Ku yi abarku a fili, kada ciki ya kumbura." A hankali hannu ya faɗa. Ya iya rubuta sunansa da na shagonsa, ya iya adana aiki ya nemo shi, ya iya cire filas, ɗan abin da ake ɗaukar aiki a ciki, ba tare da ya ɓata komai ba.

Sai dai zane shiru. Ya tambayi Sagir, ya ce sai an gama rubutu. Aka gama rubutu aka shiga lissafin ofis, ya sake tambaya, ya ce sai wata mai zuwa. Da watan ya kama, Sagir ya zo da wani littafi, ya tsaya a gaban allo ya rubuta ma'anar zane da rabe-rabensa, ya ce kowa ya kwafa. Suka kwafa. Washegari ma suka kwafa. Kwamfutocin na nan a kunne, babu wanda ya ja ko layi ɗaya.

Saminu ya jira har aka tashi, ya tsaya a bakin matakala.

"Malam Sagir, ni fa na koyar da mutane ɗinki. Ban taɓa ganin wanda ya iya keke da kwafar sunayen sassansa ba. Yaushe za mu ɗora hannu?"

Sagir ya waiga hagu da dama, sannan ya rage murya. "Baba, kai ba baƙo ba ne, gara in faɗa maka. Wanda yake koyar da zanen ya samu aiki a Katsina ya tafi tun bara. Ni rubutu da lissafi da shirin jarrabawa na sani, su kam ko a ina zan tsaya a kansu. Zane kuwa abin da ke cikin littafin nan shi ne iyakata. Alhaji yana neman wani, bai samu ba."

Saminu ya ji yaron ya ƙara kwanta masa a rai. Ya yi masa godiya ya sauka. A kan babur yana tafe yana saƙa da warwara. Ya daina zuwa, Alhaji zai ji, ya ce an raina kyautarsa. Ya je ya faɗa masa gaskiya, da wane baki? Ya ci gaba kuma, zai fita da satifiket, inji na nan yadda yake.

Sai ya fara zagayen da tun farko ya so yi, amma a ɓoye. Akwai wata makaranta kusa da tasha da ake ta tallarta da lasifika. Ya shiga ya tarar da mai wurin a bayan tebur, bango cike da hotunan ɗalibai sanye da rigar yaye da hula mai tuntu.

"Kuna koyar da zane?"

"Ƙwarai kuwa."

"Irin wanda ake zuba wa injin surfani?"

"Shi ne ma abin da muka fi ƙwarewa a kai."

"Da wace manhaja?"

"Duk wadda kake so, Alhaji. A wata guda za ka fita da difloma."

Saurin amsar ne ya sa Saminu ya tsargu. Ya ce yana son ya ga aikin da ɗalibai suka yi, mutumin ya nuna masa hotunan bango. Ya ce to a bar shi ya zauna a aji na yini ɗaya ya gani, mutumin ya ce sai an yi rajista.

"Haba, ranka ya daɗe," in ji Saminu yana miƙewa. "Mai kilishi ma yana ba da ɗanɗano."

Amsar da yake nema a gidansa ta same shi. Wata rana Larai ta ajiye masa robar yaji kusa da kwanon shinkafa da wake. A jikin robar an manna takarda mai hoton barkono da citta, an zagaye su da wani ado mai lanƙwasa kamar bakin tabarma. Saminu ya ɗauka yana juyawa. Layukan sun tafi sumul, sun haɗu inda ya kamata su haɗu.

"Abincin zai huce," in ji Larai. "Ko robar za ka ci?"

"A ina kika samo wannan?"

"Wajen Laraba mai yaji, ta bayan masallaci."

Da la'asar ya bi ta ƙofar gidan Laraba, ya yi sallama, ya tambaye ta a wace maɗaba'a aka yi mata takardar. Ta yi dariya daga cikin zaure.

"Wace maɗaba'a? Ni na zana abina a kwamfuta. Wajen Malama Amatullah na koya, can bayan Kusugu. Ni da ko firamare ban ƙarasa ba."

Wurin ba shi da allo a bakin titi, sai da ya yi tambaya. Wani babban ɗaki ne a jikin zauren gidan mijin Malamar, an kafa sola a kan rufi. Kwamfutocin ba su da yawa, ba kuma sababbi ba ne, kujerun ma kowace da irinta. Amma bangon cike yake da aikin ɗalibai: katin biki, takardar buhun garin kunu, tambarin wani mai gyaran babur. Wasu sun yi kyau, wasu an zagaye kurakuransu da jan biro an bar su a manne. Mata suna zuwa bayan azahar, maza bayan la'asar.

Malama Amatullah mace ce mai matsakaicin shekaru, da tabarau da dogon hijabi, ba ta da yawan magana. Ta saurari bayaninsa har ya gama, ta karɓi takardar da ya zana wuyan riga a kai ta daɗe tana dubawa.

"Wannan kai ka yi?"

"Ni ne."

"To rabin aikin ka riga ka iya. Zan koya maka yadda za ka ɗora shi a kwamfuta, wannan sana'ata ce. Amma mayar da zane ya zama ɗinki, a gaya wa inji inda allura za ta shiga da inda za ta fita, wannan wata manhaja ce daban, kuma ban taɓa aiki da ita ba. Ba zan ce maka na iya ba. Akwai wata da muka yi karatu tare, a Kano take wannan aikin, zan tambaye ta. In ka ga za ka iya da haka, ka zo ka zauna kwana biyu ka ga yadda muke yi kafin ka yanke shawara."

Tunda ya fara yawon nan, yau ne karon farko da mai makaranta ya ce masa bai iya wani abu ba, kuma a nan hankalinsa ya kwanta. A ranar ta zaunar da shi ta ce ya ja da'ira. Ya ja, ta fito kamar ƙwan da aka taka. Ta ce ya sake. Bai tashi ba sai da ya ja wadda ta yi kama da faifai.

Ranar da ya dawo ya ɗan zo da wuri, ya tarar ajin mata bai gama watsewa ba. Yana jingine babur sai ga wata budurwa ta fito rungume da jaka. Suka haɗa ido. Murjanatu ce, babbar 'yar Alhaji Nu'uman.

Saminu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ita ma ta daskare, sannan ta durƙusa.

"Baba Saminu, ina wuni."

"Lafiya lau, Murja. Ya mutanen gida?"

"Lafiya ƙalau."

Saminu ya fara tunanin yau asirinsa ya tonu, kafin magariba labari ya isa kunnen Alhaji. Can kuma wani tunani ya zo masa: ita fa me take yi a nan, ga makarantar ubanta? Tausayinta ya kama shi.

"Kada ki damu," ya ce. "Ban gan ki ba, ba ki gan ni ba. Abbanki ba zai ji daga bakina ba."

Murjanatu ta sa gefen hijabi ta rufe baki. Kafaɗunta suna rawa, sai daga baya ya gane dariya take yi.

"Baba, ai Abba ne ya kawo ni da kansa. Cewa ya yi dai kada in gaya wa kowa. Musamman Gwaggo Larai, wai in ta ji duk Daura ta ji."

Saminu ya riƙe haɓa. Ya so ya yi dariya, ya so ya yi fushi, ya rasa wanda zai fara. A ƙarshe dai ya roƙe ta ta bar nasa sirrin a cikinta, ta yi alkawari.

Haka ya zama ɗalibin makaranta biyu. Da safe ya hau benen Alhaji ya kwafi rubutun allo don kada a ga kujerarsa babu kowa, ya dawo shago ya taka keke a gurguje, la'asar na yi ya nufi bayan Kusugu. A can aiki ake yi ba wasa. Malama ba ta yabo da arha. In ya kawo zane yana jin daɗi, sai ta ƙara girmansa a allo ta nuna masa inda layi biyu suka saɓa, ta ce, "In ido bai gani ba, allura za ta gani." Ya koma ya gyara. Abokiyar tata ta Kano ta turo manhajar da bayanai cikin murya, Malama ta riƙa zama tana koyo da safe, da yamma ta gwada tare da shi.

Shago kuwa ya fara jin jiki. Ɗinkuna suka taru, masu kaya suka fara biyo shi gida. Larai ta dube shi wata rana ta ce, "Wai wannan karatun cin nama yake yi? Duk ka rame." Da ya ga babu mafita sai ya zaunar da ita ya faɗa mata nasa ɓangaren, ya bar na Murjanatu. Ta tafa hannu ta yi salati.

"To ni dai ba da bakina ba. Yaya ne fa! Kai ka san yadda za ka yi."

Abin mamaki, ta riƙe maganar. Ko maƙwabciyarta ba ta gaya wa ba, sai dai kullum in zai fita da la'asar ta ce, "A gaida ta biyu," tana nufin makarantar.

Damina ce ta raba gardama. Wata la'asar hadari ya haɗo daga gabas, Saminu ya taka babur da sauri, yana isa ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ya tura babur ɗin cikin zaure, ya tsaya yana kakkaɓe hula. Bai ankara ba mota ta tsaya a ƙofa, wani ya fito da gudu ya lulluɓe kai da hannun babbar riga, ya faɗo zauren yana sallama. Da ya yaye rigar sai ga Alhaji Nu'uman. Ruwan ne ya sa ya zo ɗaukar 'yarsa.

Saminu ya zube ƙasa. "Barka da yamma, Alhaji."

"A'a, Saminu. Barka kadai. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Ya iyali?"

"Lafiya ƙalau. Ya kasuwa?"

"Da godiya. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi."

Suka gaisa, suka sake gaisawa. Alhaji ya tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, Saminu ya tambayi farashin gero da na wake. Da gaisuwa ta ƙare sai kowa ya juya yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo, kamar bai taɓa ganin ruwa ba.

"Fakewa ka yi?" in ji Alhaji can.

"E to, kusan haka. Alhaji ma fakewa ya yi?"

"E, wucewa nake yi."

Sai ga muryar Malama Amatullah daga cikin ɗaki. "Malam Saminu, in ka iso ka shigo, zanenka na jiya yana nan a buɗe. Murjanatu, ki duba ko Abbanki ne ya zo."

Alhaji ya dubi Saminu. Saminu ya dubi ƙasa. Sai Alhaji ya fashe da dariya, irin wadda Saminu bai taɓa jin ya yi ba, har yana dafa bango. Saminu ya yi ta maza ya kasa, shi ma ya saki tasa.

"To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji Alhaji yana share ido. Ya zauna a kan dakalin zauren, ya nuna masa gefe. "Zauna. Tun yaushe?"

Saminu ya ɗosana ya faɗa masa komai, kansa a sunkuye.

"Kai kana jin kunyata, ni ina jin taka," in ji Alhaji. "Tun ranar da Larai ta ce zane kake so na san ba mu da malami. Amma in ce wa mijin ƙanwata ya tafi wani wuri? Sai na ce bari ka fara, wataƙila kafin ka kai nan Allah Ya kawo wani. Kullum na gan ka kana hawa benen nan sai in ji nauyi. Ita Murja na kawo ta ne ta koya, in ta ƙware ta riƙe mana ajin." Ya gyara zama. "Yanzu tunda ka ga biyun, faɗa mini tsakaninka da Allah. Yaya tawa take?"

Saminu ya ɗago kai. Ruwa na ta dukan kwano.

"Alhaji, Malam Sagir malami ne. Abin da ya koya mini shi nake ci a nan, da ban iya riƙe ɓeran nan ba da Malama ta sha wahala da ni. Duk mai shirin jarrabawa ko aikin ofis, ni da kaina zan kai shi can. Sai dai zanen da ke rubuce a allon waje, babu shi a ciki. Akwai yaran da don shi suka zo, suna nan suna kwafar littafi."

Fuskar Alhaji ta ɗan canza, har Saminu ya fara da-na-sanin buɗe baki. Sannan ya gyaɗa kai.

"Da hatsi ne ba zan rubuta wake a buhun gero ba. Gobe mai fenti zai shafe shi sai ranar da muka shirya. Yaran kuma zan yi magana da Malama, in tana da wuri su dawo nan." Ya miƙe ya kaɗe riga. "Kai kuma na sallame ka. Ka daina wahalar da kanka da hawa bene, ka je ka ɗinka wa mutane kayansu."

Da aikin ya koma ɗaya sai ya yi sauri. Amma ranar da aka fara gwada zanensa a inji ba ta zo da daɗi ba. Malama ta zo shagon tare da mijinta da 'yan ajin maza, aka ɗaura ƙyalle, Saminu ya yi bisimilla ya danna. Inji ya ɗauka da kyau, can sai ya fara sara wuri ɗaya, zare ya cukurkuɗe ya zama ƙulli, allura ta karye. Aka kira ta Kano, ta saurari bayani ta ce sun cika ɗinkin da yawa, su rage, su kuma sa shimfiɗa a ƙarƙashin ƙyallen. Aka gyara aka sake. Wannan karon ya kai ƙarshe. Ganyen zogale Saminu ya zana, jere a kan reshe. Ya kai wa Larai ƙyallen da yamma yana taƙama, ta juya shi sama ta juya shi ƙasa.

"Ƙashin kifi ne?"

Ya karɓi abinsa. Ya koma ya buɗe ganyayen, ya lanƙwasa reshen, ya ɓata ƙyallaye masu yawa. Ranar da Larai ta kalla ta ce, "A'a, zogale!" ba tare da an gaya mata ba, ranar ya yarda ya sa wa shadda.

Shaddar kuwa ta Alhaji ce. Shi ya aiko da ita, fara sol, ya ce a fara da shi. Saminu ya yi aikin da taka-tsantsan, kuma da aka cire daga inji ya lura reshen hagu ya ɗan fi na dama tsawo. Ya kai rigar da kansa, ya nuna wurin, ya ce a ba shi lokaci ya saya wata ya sake.

Alhaji ya ɗaga rigar a hasken taga, ya duba hagu ya duba dama.

"Ka taɓa ganin bishiyar da rassanta suka zo daidai?" ya ce. "Bar mini abata."

Da ita ya je masallacin Juma'a. Bayan an idar Saminu yana neman takalmansa ya hango shi a tsaye cikin abokansa 'yan kasuwa, ya buɗe ƙirji, wani yana shafa aikin da yatsa. Alhaji ya ɗaga hannu ya yafito shi.

"Ga mai aikin nan. Ku yi masa magana da kanku, amma ku sani sai kun bi layi."